Saƙon Kaka Zuwa Gwanja

Mu huɗu ne muka yi wannan tafiya a dogon hutun shekarar 2018, dukkanmu ɗaliban Hausa, dukkanmu kuma haihuwar Kurmi. Akwai Ma'aji, wanda muka damƙa wa kuɗin guzuri domin shi kaɗai ne a cikinmu yake iya ganin tsire ya kau da kai. Akwai Malam Nahawu, wanda ya sami wannan laƙabi tun muna aji ɗaya, saboda kuskure ba ya giftawa ta gabansa bai tare shi ba. Akwai Auta, sa'an nan akwai mai riƙe da alƙalamin nan. Abin da muka gaya wa iyayenmu shi ne za mu ƙasar Gana nazarin karin harshe. Gaskiyar maganar kuwa ita ce babu wanda ya taɓa ƙetare iyaka a cikinmu, kuma mun gaji da jin labarin duniya a bakin wasu.

Daren da za mu tashi mun kwana a gidan su Auta, a Sabo ta Badun. Bayan sallar lisha sai kakarsa ta aiko a kira mu. Muka tarar da ita zaune bisa buzu da wani ɗan ƙulli a gabanta. Ta ce a zangon Kumasi aka haife ta, can ta yi aure, can ta haifi uban Auta. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mijinta fatakin goro ne, ɗan Nijeriya, saboda haka suka sayar da abin da ya sayu, suka bar abin da bai sayu ba, suka hau babbar mota. Ƙanwarta ba ta fito ba, domin wani mutumin Gwanja take aure. Sun yi ta aika wa juna wasiƙa ta hannun fatake, har wasiƙun suka ɗauke. Shekara 49 ke nan ba su ga juna ba.

"Idan yana da rai, ku ba shi wannan," in ji ta. "Idan kuwa ya riga mu, ku nemi kabarinsa ku yi masa addu'a."

Malam Nahawu ya ɗan motsa, muka taka masa ƙafa. Auta ya riga ya gaya mana haka kakarsa take magana, mace da namiji duk "shi" ne a wurinta, kuma jikoki sun daɗe suna yi mata dariya, suna cewa zama da Yarabawa ne ya ɓata mata harshe. Adireshin da ta ba mu shi ne: gida mai bishiyar mangwaro, kusa da masallaci mai rijiya.

Daga Ikko zuwa Ankara, watau Akara, bai kai kilomita 500 ba, amma sai da muka yi wuni guda cur, domin iyaka uku ake ƙetarewa: Seme, sa'an nan tsakanin Binin da Togo, sa'an nan Aflawo. A kowace sai a sauka da fasfo da katin allurar shawara, a bi layi, a buga hatimi. A ɗaya daga cikinsu wani ma'aikaci ya juya fasfon Auta, ya ce sabo ne fil, kuma sabon fasfo yana da kuɗinsa. Ma'aji ya nemi rasiɗi. Mutumin ya dube shi irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tusa a gaban surukai, ya tura fasfon gefe, ya kira na baya. Bayan rabin awa muka biya ba rasiɗi. Ƙasar Togo kuwa ba mu san mun shige ta ba sai da muka fita, don faɗinta a bakin teku bai fi tafiyar awa guda ba, kuma birnin Lome ya jingina ne da shingen Gana.

A Aflawo ne muka fara jin kunya. Kayanmu duka suna cikin jakar nan mai zane-zane wadda kowa a Nijeriya yake kira Gana-mas-go, kuma ba mu taɓa tsayawa mun yi tunanin ma'anar sunan ba sai da wani dattijo ɗan dako ya ɗora ta a kansa. Da ya ji muna Hausa sai ya amsa mana da Hausa. Ya ce ya yi shekara biyar yana gyaran takalma a Agege, kuma da irin wannan jaka ya dawo gida a 1983, sa'ad da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, mutanen Gana kusan miliyan guda suka biyo hanyar nan da muka biyo. Ya faɗe shi ba tare da wani ɗaci ba, har yana tambayarmu ko har yanzu ana yin burodin Agege. Auta ya ba shi labarin kakarsa. Dattijon ya yi dariya ya ce, "To, an yi ɗaya da ɗaya." Ma'aji ya ƙara masa sidi biyu bisa ladansa, abin da bai sake yi wa kowa ba har muka dawo.

Mun sauka a Nima, ɗaya daga cikin manyan unguwannin zango na Ankara, a ɗakin wani ɗalibi da muka sani. Kashegari muka tashi tun duhu muna ta mamakin ladanin da ya makara, ashe agogonmu ne ya riga nasu da awa ɗaya. Da gari ya waye muka fita neman karin kumallo. A bakin titi muka sami wata tsohuwa da babbar tukunya, ta zuba mana koko mai yaji da citta, ta haɗa da ƙosai. Da muka gama Ma'aji ya tambayi kuɗi, ta ce dubu sittin. A lokacin sidi ɗaya yana kusan naira 75. Muka ga leɓen Ma'aji yana motsi, yana lissafi, har ya kai naira miliyan huɗu da rabi, sa'an nan ya nemi wuri ya zauna. Mai masaukinmu ne ya cece shi. Tun a 2007 aka canza kuɗin ƙasar, aka yanke sifili huɗu, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya, amma tsofaffi da yawa ba su bar tsohon ƙidaya ba. Sidi shida take nufi.

Abin da ya fi ba mu mamaki a makon farko shi ne yadda muka riƙa cin karo da harshenmu a bakin mutanen da ba su san suna faɗarsa ba. Wannan kokon, ko a tsakiyar birni, "Hausa koko" ake kiransa. Abincin da ma'aikata suke yi wa layi da safe, shinkafa da wake da aka dafa da jan ganyen dawa irin karan dafi, aka zuba masa gari da taliya da ganda da wani baƙin yaji mai suna shito, sunansa "wace", watau wake. Tuwon zafi yana nan da sunansa a allon gidajen abinci. Matan da suke dako a kasuwar Makola da manyan kwanoni a ka, ana ce musu "kayayo", rabin kalmar tamu ce, rabi ta mutanen Ga. Mai tsire kuwa "aboci" ne, kamar dai yadda ake kiran iyayenmu "aboki" a Ikko, kuma da irin muryar. Wannan na ƙarshe bai yi mana daɗi ba.

Sa'an nan ga Hausar zango ita kanta. Babu ƙa, babu ɗa, babu ɓa, "kyau" ya koma "cau", "gyara" ya koma "jara". Uwa-uba babu jinsi: "Mata na ya tafi kasuwa." Malam Nahawu ya sayi sabon littafi, ya ja layi a tsakiyar shafi, ya rubuta "kuskure" a hagu da "daidai" a dama. Cikin kwana uku ya cika shafi goma. Mu ma ba mu wanke kanmu ba, domin da dare mukan kwaikwayi mai koko mu yi ta dariya har mai masauki ya juya mana baya. A nan ya kamata mu faɗi wani abu da ba mu faɗa wa juna ba a lokacin. Mu ɗin nan, duk sa'ad da muka je Kano biki, da mun buɗe baki sai a ce 'yan Kurmi sun iso, a sa mu maimaita kalma don a yi nishaɗi. Wannan ne karo na farko a rayuwarmu da muka zama mu ne masu Hausa, kuma mun ji daɗin kujerar ƙwarai.

Sauran kwanakin Ankara a cikin toro-toro muka yi su, watau ƙananan motocin haya masu rubutun wa'azi a goshi, inda yaron mota yake karɓar kuɗin mutum goma sha biyar bai manta canjin kowa ba. Mun ga kabarin Nkuruma, mun ga teku, wadda a watan Agusta take da sanyi da fushi. Mun ga babban masallacin da Turkawa suke ginawa a Kanda, wanda ba a buɗe shi ba sai a 2021. Ranar Asabar, 18 ga Agusta, muka hau motar Kumasi. Muna cikin tafiya aka katse kiɗa a rediyo, aka ce Kofi Annan ya mutu a ƙasar Suwizalan. Motar ta yi tsit. Wata mata da ke kusa da mu ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, a garin da za mu aka haife shi. Duk makon da ya biyo baya tutoci a sassauce muka gan su.

Zangon Kumasi ba unguwa ɗaya ba ce kamar yadda muka zata. Akwai tsohon zango, akwai Aboabo, akwai Asawase, kuma kowanne yana da masallatai masu rijiya. Mangwaro kuwa an sare wanda aka sare, an shuka wanda aka shuka. Ranar farko, bayan la'asar, muka tarar da wani tsohon tela a ƙofar shagonsa, muka gaishe shi, Auta ya faɗi sunan da ake nema da sunan mahaifinsu. Tsohon ya cire tabarau ya ce, "Na san shi. Ya koma Salga tun zamanin Rolins." Malam Nahawu ya ce, "A'a, Baba, mace muke nema." Muka yi godiya muka wuce, tsohon yana binmu da kallo.

Kwana biyu muka ƙara muna yawo gida-gida. Babbar Salla ta riske mu a nan, kuma ba za mu manta da mutanen gidan da muka sauka ba, waɗanda ba su san mu ba sai ta hanyar ɗan'uwan abokin wani, amma suka ba mu aron riguna, suka ajiye mana hanta da ƙafar rago. Da daren Salla muna zaune a tsakar gida sai maigidan ya tambayi ɗansa ina uwarsa, yaron ya ce, "Ya shiga ɗaki." Auta ya ajiye naman da ke hannunsa. Ya dubi Malam Nahawu ya ce, "Telan nan." Ba wanda ya ce uffan. Abin da muka rubuta sau ashirin a ƙarƙashin "kuskure", da ya zo mana da amsar da muka yi tafiyar kwana da kwanaki muna nema, ba mu ji shi ba.

Da sassafe muka koma. Telan bai yi fushi ba. Ya ce ai ya ga mun yi sauri, ya ɗauka ko wani ne daban ya aiko mu. Ya tabbatar mana ita ce: wadda yayarta ta tafi Nijeriya shekarar kora, wadda mijinta ya yi aikin direba, da ya tsufa ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu.

A nan ne gardama ta tashi. Ma'aji ya zazzage kuɗi bisa tabarma, ya ware na komawa gida, ya ce abin da ya rage zai kai mu wuri ɗaya ne kawai: ko bakin teku mu ga tsofaffin gidajen bayi na Kef Kos da Elmina, kamar yadda muka shirya tun daga makaranta, ko arewa. Biyu daga cikinmu suka ce wa ya sani ko tana da rai, labarin tela ya fi shekara ashirin. Auta bai roƙi kowa ba. Ya ce a ba shi rabonsa ya tafi shi kaɗai. Malam Nahawu ne, wanda tun daren jiya bai yi magana ba, ya ce shi ya ɓata kwana biyu, saboda haka shi ma arewa za shi. Da haka aka rufe zancen.

Mun bi ta Mamfon da Ejura da Atebubu, daji yana raguwa, doya tana ƙaruwa a bakin hanya, har ƙasar ta fara kama da ta wajen Neja. A Yeji hanya ta ƙare a bakin ruwa. Wannan shi ne tafkin Bolta, wanda ya taru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, ya cinye garuruwa da gonaki. Har yanzu busassun itatuwa suna tsaye a cikinsa, kawunansu a waje. Muka jira jirgin fito tun hantsi har azahar, muna cin soyayyen kifi da dokunu, sa'an nan muka haye zuwa Makango tare da motocin doya da tumaki da babura.

Duk ɗalibin Hausa ya san sunan Salga kafin ya san inda take. Ita ce kasuwar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina suke sauke kanwa da tufafi da fatu bayan tafiyar watanni, su ɗauki goron da Tonawa suka kawo daga daji. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda muka karanta waƙoƙinsa a aji, ya zauna har sunan garin ya bi shi, kafin ya koma Kete-Karaci inda ya rasu a 1934. Kasuwar ta fara mutuwa ne bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa sauran. Mun zo da hoton birni a zuciya, muka tarar da ƙaramin gari mai shiru, awaki suna kwance a kan titi. Amfanin ƙaramin gari shi ne, mutum na biyu da muka tambaya ya kira wani yaro ya ce ya kai mu.

Tana zaune a inuwar ɗaki tana tsinkar ganyen ayoyo. Ba mu bukaci a gaya mana ba, domin goshin da hancin na kakar Auta ne. Idanunta sun yi rauni. Auta ya durƙusa ya ce, "Kaka, daga Badun muke. Yaya ce ta aiko mu." Ta ce wace yaya. Ya faɗi sunan. Ta ajiye kwanon a hankali, ta laluba ta kama kansa, ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, sa'an nan ta yi tambaya ɗaya: "Yana da rai?"

A cikin ƙullin akwai turmin atamfa, da kuɗi kaɗan, da wani ɗan kunne guda ɗaya na azurfa wanda ya yi baƙi. Ta aika jikanta ya ɗauko wani gwangwani daga ƙarƙashin gado. Ɗan'uwan ɗan kunnen yana ciki. Na uwarsu ne, sun raba a daren rabuwa.

Auta ya buga waya gida da sauran kuɗin da ke cikin layinsa. Mun yi zaton kuka za mu ji, kuma an yi shi, amma bai daɗe ba. Abin da ya biyo baya shi ne lissafin matattu, wane ya rasu, wane ma ya rasu, da faɗa a kan wadda ta fara daina rubuto wasiƙa. Muna jin muryar kakar Auta ta cikin wayar, kuma ba muryar da muka sani a Sabo ba ce. Ta fi sauri, ta fi sauƙi, kamar wanda ya cire takalmin da ya matse shi. Babu ƙa, babu ɗa, kuma babu wanda ya yi dariya. Kuɗin ya ƙare suna tsakiyar zancen wata akuya da aka bari a 1969.

Kwana biyu muka yi a gidan. Da yamma ta biyu jikanta ya ce bari ya nuna mana abin da baƙi suke zuwa gani. Ya kai mu filin tsohuwar kasuwar bayi, sa'an nan ya fitar da mu bayan gari zuwa wasu rijiyoyi da aka haƙa a cikin dutse, ciyawa ta kusa rufe su. Ya ce a nan ake wanke mutanen da aka kamo daga arewa, a shafa musu man kaɗanya don su yi sheƙi kafin a kai su kasuwa. Ya faɗi sunan wurin, sa'an nan ya fara fassara mana kamar yadda ya saba yi wa Turawa, sai ya tuna, ya tsaya. Sunan wurin Wankan Bayi. Ba da harshen Gwanja aka raɗa shi ba, ba kuma da na Tonawa ba. Mun yi mako biyu muna tattara kalmominmu a kan koko da wake da tsire muna alfahari, to ga wata ita ma, a bakin rijiya. Malam Nahawu ya fito da littafinsa, ya buɗe, ya dubi layin da ya ja a tsakiya, ya rasa ɓangaren da zai sa ta, ya rubuta a bangon baya.

Komawa ta ɗauke mu kwana uku, kuma daga Lome zuwa Ikko ruwan leda da biskit kawai muka ci. Jakarmu ta fi nauyi da dawowa, domin tsohuwar ta cika ta da doya da busasshen kifi da ɗan goro, da wata kwalba da ta naɗe da tsumma ta ce kada a ba kowa sai hannun yayarta. Shito ne, ita da kanta ta tsaya aka soya shi, tana ɗanɗanawa tana ba da umarni.

Muka isa Sabo bayan magariba. Gidan ya cika, kowa yana son ya ga hotuna. Kakar Auta ba ta kula da hotunan ba sosai. Ta karɓi kwalbar, ta warware tsumman, ta buɗe, ta daɗe tana shinshinawa. Sa'an nan ta sa ɗan yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Tun yana yaro haka hannunsa yake."